Na fi kowa kisa a Zombies, amma abokaina sun daina kirana

Tambaya:

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kana lafiya. Ni ɗalibi ne a Zariya. Mu huɗu ne muke buga Call of Duty: Black Ops III a PlayStation 4, kowa daga gidansu: ni, abokaina biyu, da ƙanin ɗaya daga cikinsu. Ɓangaren Zombies muka fi bugawa, inda ake haɗa kai a yaƙi ayarin zombi (gawawwaki masu tafiya) zagaye bayan zagaye, musamman filin Kino der Toten. Ba yabon kai ba, duk cikinmu babu mai hannuna, kullum ni ne a sama a yawan kisa. Amma ba mu taɓa wuce zagaye na 18 ba, kuma duk sanda muka mutu ni ake ɗora wa laifi. Wai ina harbi a tagar mutane, wai ba na buɗe ƙofa, wai makina a akwati yake ƙarewa, wai ina kashe zombin ƙarshe ba a shirya ba. Rannan yaron ya faɗi har sau uku, raina ya ɓaci na ce masa ya je ya koyi wasa tukuna. Tun daga ranar ba su sake kirana ba. Jiya na ga sun sa wani a gurbina, wanda ko rabin iyawata bai yi ba, har sun kai zagaye na 27. Anya ba hassada ba ce? In rabu da su in nemi waɗanda suka iya, ko yaya zan yi?

Ƙaninka daga Zariya

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba hassada ba ce, kuma gara in faɗa maka tun da wuri don kada ka ɓata lokaci kana neman laifi inda babu shi. Kai da bakinka ka kawo hujjar: sun ɗauki wanda bai kai ka iya harbi ba, suka ƙara zagaye tara a kan inda kuka saba tsayawa. Na yarda hannunka ya faɗa a bindiga. Sai dai saurin saiti da saurin danna kunama kayan aikin fagen da ake karawa mutum da mutum ne, inda wanda ya riga harbi shi ke da nasara. Zombies daban yake. Abubuwa huɗun nan da abokanka suka lissafa maka, taga da ƙofa da akwati da zombin ƙarshe, su ne wasan kansa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da ba su damu da kai ba, da ba su tsaya suna nanata maka ba.

Mu duba yadda aka gina abin. Salon nan na tsayawa gaban ayarin maƙiya, wani na bin wani, ya samu karɓuwa sosai a watan Nuwamban 2008. A watan ne Gears of War 2 ya fito da ɓangaren Horde, inda mutum biyar ke fuskantar ayari hamsin, kuma a watan ne kamfanin Treyarch ya saki Call of Duty: World at War ɗauke da Nacht der Untoten, wani kangon gini da mutum huɗu ke karewa. Kino ɗin da kuke bugawa, tsohon gidan silima a birnin Berlin, ya fara fitowa ne a Black Ops na 2010, aka sabunta shi cikin Zombies Chronicles, ƙarin filaye na Black Ops III, a 2017. Lissafin ƙarfin zombi a waɗannan wasanni sananne ne. A zagayen farko ƙarfinsa 150, sara ɗaya na wuƙa ya kwantar da shi. Kowane zagaye ana ƙara masa 100 har ya kai 950 a zagaye na 9. Daga na 10 kuma sai a riƙa ɗora kashi goma cikin ɗari a kan na baya. A zagaye na 20 ya kai wajen 2,700, a na 30 ya haura 7,000. Bindigar da ke hannunka kuwa ƙarfinta na nan inda yake. Komai iyawarka, akwai zagayen da harbi kaɗai zai daina isarka, kuma wajejen inda kuke mutuwa ne abin ke fara nunawa ga waɗanda ba su yi tanadi ba.

Ka haɗa da wannan: wasa ba ya ƙarewa sai dukkanku kun kwanta, kuma yawan zombin da ake turowa yana ƙaruwa gwargwadon yawanku. In ku huɗu ne, rabon mutum huɗu za a turo. Idan biyu ba su da kayan aiki, sauran biyun ne za su ɗauki nauyin huɗu. Talaucin abokin wasanka a kanka zai ƙare, ko ka so ko ka ƙi.

A zauren da ake farawa a Kino taga huɗu ce, ku ma huɗu ne, kowa da maki 500. Kowa da tagarsa ke nan. A nan maki shi ne kuɗi, zombi kuma shi ne hanyar samunsa. Duk harsashin da ya samu zombi bai kashe shi ba, maki 10 ne. Kisa da harbin jiki 50 zuwa 60, harbin kai 100, kisa da wuƙa 130. Mai haƙuri, a zagaye biyu ko uku na farko, yakan bar zombi ya ɓalle katakai ya shigo, ya zuba masa 'yan harsasan ƙaramar bindiga a ƙafa, ya ƙarasa shi da wuƙa, sannan ya juya ya mayar da katakan, kowanne maki 10. Zombi ɗaya ya ba shi fiye da ninki biyu na abin da mai gaggawa zai samu da harbin jiki. Ga ƙarin riba: kyaututtukan nan masu sheƙi irin su Max Ammo (mai cika harsashi) da Double Points (mai ninka maki) ba sa faɗowa daga zombin da aka kashe a waje, sai wanda ya riga ya shigo.

To dubi abin da ke faruwa in ka tsaya a tsakiyar zaure kana ɗauke kawuna a tagar yaron nan. Ya zuba harsashinsa, ya matsa zai sa wuƙa ya karɓi 130, sai ga harbinka daga baya. Kai ka samu 100, shi ya tashi da talatin ko arba'in da bindiga wayam. A allo kai ne gwani. A zahiri ka raba shi da kuɗin Juggernog ɗinsa, wato kwalbar da ake sha don jure duka, kuma abin da ku huɗu kuka tara gaba ɗaya ya ragu. Ka tsaya a tagarka. In ka ga an fi ƙarfin wani, ka tambaye shi kafin ka harba, sai dai in ka ga zai faɗi.

Batun ƙofa kuwa, a Black Ops III ba a miƙa wa aboki maki hannu da hannu. A Killing Floor 2 na kamfanin Tripwire, inda mutum shida ke bugawa, kana iya watsa wa wanda ya talauce kuɗi a ƙasa ya tsince. A Mann vs. Machine na Team Fortress 2, wanda Valve ya ƙara a 2012, kuɗin da mutum ɗaya ya tsinta kowa ake rubuta wa. A naku wasan, hanyar raba arziki ita ce ƙofa. Ta farko a Kino 750 ce, na gaba sun fi ta tsada, har a isa dandamali inda makunnin wuta yake. Kafin a kunna wutar nan babu Juggernog, babu hanyar zuwa Pack-a-Punch, injin da ke ƙara wa bindiga ƙarfi. Saboda haka wanda ya fi kowa maki shi ne ya kamata ya buɗe mafi tsada, ba tare da an roƙe shi ba. Tunda kullum kai ne a sama, kai ne wannan mutumin. Idan ka noƙe kana jira masu ƙaramin ƙarfi su harhaɗa su buɗe, za ku isa wuta a makare, su kuma su isa hannu rabbana. Ni a ganina ƙungiyar mutum huɗu ta yi ƙoƙarin kunna wuta kafin zagaye na 7 ya wuce. Kuma ku zaɓi hanya ɗaya tun kafin a fara, ko ta sama da ke bi ta wajen injin kwalbar Speed Cola, ko ta ƙasa da ke bi ta lungun injin kwalbar Double Tap. Buɗe duka biyun da wuri asarar maki ce.

Sai akwati, wanda ake biya ya ba ka bindigar da sa'a ta kawo. Na san daɗinsa: ka danna, kiɗan nan ya tashi, bindigogi suna juyawa, zuciya na cewa wannan karon babbar bindigar nan Thundergun ce. Amma kowane juyi 950 ne, kuma sa'a ce zalla. Juyi uku 2,850, ya haura kuɗin Juggernog da yake 2,500. A Black Ops III duka uku ke kai mutum ƙasa, mai Juggernog kuwa sai biyar, kuma waɗannan duka biyu na ƙari su ne bambancin wanda ya kuɓuce daga kwana da wanda ya kwanta a ciki. Wanda ya je akwati kafin ya sha Juggernog ya sayi bindigar da zai mutu ya bari. Ga kuma ɗan tsanan nan da kan fito ya ɗauke akwatin zuwa wani ɗaki. Za a mayar maka da makin juyin ƙarshe, amma sauran ukun da ba su taɓa ko sau ɗaya ba sai sun bi shi nema.

Tsarin da nake ba da shawara shi ne bindigar bango mai dama-dama da farko, sai Juggernog da zarar wuta ta zo. Bindigar bango tana da abin da ta akwati ba ta da shi: harsashinta na nan a bango, rabin kuɗin bindigar, duk sanda ka so. Ko bayan ka kai ta Pack-a-Punch ka biya 5,000, da 4,500 za ka sake cika ta. Ta akwati kuwa in ta ƙare sai zaman jiran Max Ammo. Daga nan aƙalla mutum biyu su sha Quick Revive, 1,500, don yana rage lokacin ɗaga wanda ya faɗi, sai Speed Cola mai sa saurin ɗura bindiga, 3,000. Kwalba huɗu kawai ake yarda mutum ya sha, don haka a zaɓa da tunani. Bayan wannan ne akwati ke da amfani, kuma abu biyu ake nema a ciki: birin nan mai kuge da ake jefawa zombi su bi shi, da Thundergun. Ita Thundergun mutum ɗaya ne ke iya riƙe ta a lokaci guda, harsashinta kuma kaɗan ne. In ta faɗo hannunka, amanar ƙungiya ce aka ba ka. Ba a ɓarar da ita a kan zombi uku don adadin kisa ya ƙaru. Ana adana ta don lokacin da aka rutsa wani ko ake son share hanya a ɗaga wanda ya faɗi.

Yanzu mu zo kan yaron, domin nan ne zuciyata ta fi tsayawa a wasiƙarka. Ka ce ya faɗi sau uku. Ban ga wasan ba, amma daga abin da ka lissafa ina iya hango yadda ta kaya. Duk wanda ya faɗi a wannan wasa, kwalaben da ya sha sun tafi, ko da an ɗaga shi. Ya tashi ba Juggernog, a zagaye na goma sha wani abu, inda zombi ke gudu. Yana bukatar 2,500 da kuma 'yar sarari ya je wajen injin ya sha. Makin bai da shi, domin tun farko an cinye masa taga. Sararin kuma bai samu ba, domin an kashe zombin ƙarshe sabon zagaye ya taso. Faɗuwa ta biyu da ta uku, ta farkon ce ta haife su. In kuma ba a ɗaga shi ba har ya mutu, zagaye na gaba zai dawo da ƙaramar bindiga kaɗai, duk abin da ya saya ya tafi. Ka sa kanka a wannan hali ka gani ko iyawarka za ta cece ka. Mai yiwuwa ne yaron bai ƙware ba, amma wasan da aka buga a kewayensa bai ba shi damar tsayawa da ƙafarsa ba.

Shi ya sa zombin ƙarshe yake da daraja. Zagaye ba ya ƙarewa sai an kashe shi, kuma muddin yana raye babu sabon ayari. Shi ne kaɗai hutun da wasan ke bayarwa. Idan zagaye ya zo ƙarshe, a jefa gurneti a ƙafafun 'yan ragowar don a samu mai jan ciki, ko a bar ɗaya mai tafiya a hankali. Mutum ɗaya ya riƙa jansa yana zagayawa da shi, sauran su je su cika harsashi, su sha kwalba, su gyara tagogi, su haɗa na'urar da ke cilla mutum ɗakin Pack-a-Punch. Kada a yi nisa a bar shi shi kaɗai, domin wanda aka raunata yakan mutu da kansa in an daɗe. Kuma ba a kashe shi sai an tambaya, «Kowa ya gama?», an ji amsar mutum uku. Riƙe zombin ƙarshe aiki ne marar maki, ba ya fitowa a allo, amma a wasanka na farko in sun sake kiranka, ina so kai ne za ka ce, «Ku je, na riƙe shi.»

Ɗaga wanda ya faɗi shi ma da tsarinsa. Kuskuren da ya fi kashe ƙungiya shi ne mutum ya ga alamar abokinsa a ƙasa ya ruga da zombi goma a bayansa, ya durƙusa, su biyu su kwanta, na uku ya zo ceto shi ma ya bi su. Cikin rabin minti wasan awa guda ya ƙare. Wanda zombi ke bi, aikinsa ya janye su nesa, wani daban ya je ya ɗaga. In akwai biri a jefa shi can gefe, ba kusa da wanda ya faɗi ba. Shi ma na ƙasan yana da aiki: ya ja jiki ya fita daga kwana zuwa fili, ya faɗi inda yake da abin da ke kewaye da shi, ya daina kiran «ku zo, ku zo» in ya ga hanya a toshe. Wani lokaci gaskiyar magana ita ce ba za a iya ɗaga shi ba. A nan gara mai rai ya tsira ya ƙarasa zagayen, na ƙasan ya dawo a na gaba. Idan ya dawo, nauyin yana kanku: ku bar masa kisa, ku raunata zombi ya ƙarasa, ku riƙe na ƙarshe har sai ya sayi bindiga ya sha Juggernog.

Abin da zai kai ku zagaye na 30 kuwa, ƙafa ce. Zombi ba sa wuce 24 a fili a lokaci guda, sai an kashe wasu ake turo wasu. Maimakon ka tsaya kana harbin duk wanda ya ɓullo, sai ka riƙa zagaya wuri mai faɗi su taru a bayanka, kamar makiyayin da ke gaba shanu na biye. In sun dunƙule wuri ɗaya, ka ba su tazara, ka juyo ka zuba musu wuta a layi, ka ci gaba da tafiya. Idan ka riƙa kashe su ɗai-ɗai kana cikin zagayawa, sababbi za su riƙa fitowa ta gabanka, kuma na gaba ne ke tare hanya ya kashe mutum, ba na baya ba. A Kino dandamali ya fi ko'ina daɗin wannan aiki, sai zauren farko, sai lungu ga wanda ya saba. Ku raba wuraren tun kafin zagaye ya yi zafi, ku bar wa mafi rauni wurin da ya fi faɗi ko ku haɗa shi da wanda zai kula da shi.

Nan ma halinka na harbin duk abin da ya motsa zai iya cutar da wani. In ka hango abokinka yana jan garkensa ka buɗe musu wuta daga nesa, ka ɓata masa lissafi, domin waɗanda ka kashe za a maye gurbinsu ta inda bai zata ba. Haka in ka ratsa ta wurinsa da naka garken ba sanarwa. In dole ce ta sa, ka faɗa da wuri: «Ina shigowa dandamali ta hagu, da su a bayana.» Na'urar cilla mutum ɗin ma haka take. Tana ba da daƙiƙa 30 a ɗakin Pack-a-Punch, amma in uku suka tafi suka bar ɗaya, duk zombin da ke fili kansa za su juya. Ko ku tafi tare, ko ku tabbata wanda zai tsaya ya sani kuma ya yarda. Sannan da zarar an kunna wuta, waɗannan masu rarrafen da ke saukowa daga sama suna fashewa da hayaƙi mai dishe ido in an harbe su. Kada ka harbe su a gaban fuskar abokinka.

Duk wannan ba ya yiwuwa baki a rufe. Magana a taƙaice ake so, wadda za ta amfani mai ji. In Max Ammo ta faɗo, kada ka taka ta sai ka ce kowa ya ɗura bindigarsa, domin a Black Ops III ajiya kawai take cikawa, ba ta cika abin da ke cikin bindiga. Sai a Black Ops 4 na 2018 aka canza hakan. Nuke, kyautar da ke kashe duk zombin da ke fili, tana ba kowa maki 400, amma in ta faɗo a farkon zagaye mai sauƙi ta share zombin da za su ba ku fiye da haka, don haka a yi shawara kafin a taɓa, sai fa in ana cikin matsi. Karnuka kuma, da sukan fara zuwa tsakanin zagaye na 5 da na 7, in kun ga hazo ya sauko ku haɗu wuri ɗaya ku ba bango baya. Na ƙarshensu yana barin Max Ammo, ka ga nan ma a jira kowa ya ɗura.

Tunda kowa daga gidansu yake bugawa, wanda wutarsa da sabis ɗinsa suka fi tsayawa shi ya riƙa buɗe ɗaki ya gayyaci saura. Wanda ke da hali ya haɗa na'urarsa da waya maimakon Wi-Fi, a kuma dakatar da duk wani saukar da abu a layin. Ranar da sabis ɗinka ke tsinkewa, ka faɗa musu, ka bar wa wani dandamali da Thundergun. Ba a tsayar da wasa in ana bugawa ta intanet, kuma kaiwa zagaye na 30 da mutum huɗu yana cin lokaci mai tsawo, saboda haka kada ku fara gab da Magariba. Bayan Isha'i ya fi, a daren da ba lacca da sassafe.

Ka tambaya ko ka nemi wasu. Da halin nan, baƙi ba za su ma tsaya yi maka bayani ba, ficewa za su yi a tsakiyar wasa. Abokanka kuwa sun yi ta faɗa maka, sai da ka taɓa yaron suka janye. Ina ganin maganar nan ce ta raba ku, ba tagogi ba. Ka yi wa ƙanin mutum tsawa a gaban yayansa da abokan yayansa, kuma shi ne ƙarami a cikinku, ba zai iya mayar maka ba. Shi za ka fara kira, ba a cikin rukuni ba, shi kaɗai. Ka ce masa maganar da ka yi ba daidai ba ce, ya yi haƙuri. Kada ka ƙara da «amma kai ma». Sannan ka kira yayansa ka gaya masa ka ba yaron haƙuri, kuma ka gane abin da suke faɗa game da taga da ƙofa. Su ma da sun gaya maka a fili cewa za su sa wani a gurbinka da ya fi, amma ba yanzu ne lokacin tayar da wannan ba. Kada kuma ka nemi a cire sabon da suka ɗauka. Wasan mutum huɗu yake ɗauka, ku kun zama biyar, sai a riƙa karɓa-karɓa, kuma kai ne za ka fara yarda ka jira.

In sun kira ka, ka canza wurin da idonka ke zuwa a allon sakamako. Bayan layin kisa akwai layin sau nawa ka faɗi da layin mutum nawa ka ɗaga. Waɗannan biyun za ka riƙa dubawa. Hannun nan naka mai kyau ba zai tafi a banza ba: shi ne zai share hanya lokacin da wani ke durƙushe yana ɗaga abokinsa, shi ne zai ɗauke zombin da ya ɓullo ta bayan yaron bai gani ba.

Kafin nan, ka shiga Kino kai kaɗai. A wasan mutum ɗaya Quick Revive 500 ne, yana tayar da kai da kansa, kuma sau uku ake iya sayensa. Ka buɗe ƙofofi da makinka don ka ji nauyin kuɗinsu, ka kunna wuta, ka sha Juggernog ba tare da ka taɓa akwati ba. Daga zagaye na 10 ka hau dandamali ka hana kanka harbi har sai duk zombin sun taru a bayanka, ka zagaya da su sau biyu ko uku, sannan ka juyo. A ƙarshen kowane zagaye ka bar ɗaya da rai, ka je da shi zauren farko ka haɗa na'urar, ka dawo da shi dandamali bai mutu ba kuma bai taɓa ka ba.